Damon Tsohon Rumbu

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji huɗu na firamare, muna maimai a gonarmu ta bakin fadama a Kademi. Dawa ta kawo mini ƙugu, ƙasa ta sha ruwa har fartanya na shigarta ba gardama. Kakana, Baba Modu, yana 'yan taku a gabana, sai na ga ya tsaya a gindin wani suri, ya zura hannu cikin ciyawa, ya ɗago wani abu ta wutsiya. Ɗan damo ne mai launin ƙasa, da gajeren kai da ƙaton ciki, tsawonsa kamar daga gwiwar hannuna zuwa yatsu. Ya kumbura, ya yi huci sau biyu, sannan ya saki jiki kamar tsumma. Da muka tashi da azahar muka gangara bakin ruwa wanke ƙafa, can kuma muka tarar da ɗan guza yana shan rana a kan kututture, siriri, baƙi wuluk da ɗigo-ɗigon rawaya kamar an yi masa aikin zare. Shi ma Baba ya kife shi da malafarsa ya kama.

A wajen yaran ƙauyenmu, ƙarshen irin wannan kamu wuta ce da ɗan gishiri. Ni kuwa tun ina ƙarami ba ni da zuciyar haka, har abokaina suna tsokanata cewa ko fara zan kama sai na ba ta haƙuri. Na roƙi Baba ya bar mini su in kiwata. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya saka su a buhu biyu ya ce in ɗauka, maganar tana hannun mai gida, kuma duk wanda ya san gidanmu ya san Iya Falmata yake nufi, kakata. Mu zuriyar Barebari ne da suka daɗe a ƙasar Gaya har Barbarcin ya gudu daga bakinmu, sai sunaye suka rage, amma Iya ta riƙe kaifin harshen iyayenta. Tana da kaji da zabi cike da tsakar gida. Su ake yanka wa baƙo, su ake kai wa mai jego, kuma ta san kowane ɗan tsako da kamanninsa.

Ta leƙa buhunan, ta ja da baya, ta riƙe haɓa, ta dube ni da wasan kaka da jika. "Kai, wannan miji nawa! Maza na dawowa daga gona da zabuwar daji, kai ka dawo mini da ƙadangaru?" Da ta ga idona ya ciko, sai ta sassauta, amma da sharaɗi. "Ɗaya za ka riƙe, Bukar, ba biyu ba. Kuma ranar da ya taɓa mini ƙwai ko ɗan tsako, ranar za a yanka shi, kai za ka riƙe ƙafafun."

Ni dai guzan nake so, kuma ina da hujjata. Ya fi kyau nesa ba kusa ba, sannan ya fi ƙanƙanta, don haka a lissafina na yaro zai fi sauƙin ciyarwa, kuma bakinsa ba zai iya ɗaukar ko ƙwan kurciya ba. Damon kuwa kamar dunƙulen laka yake. Da na faɗa wa Baba, sai ya ce ba a zaɓen dabba ranar da aka kama ta, domin a ranar tsoro ne ke magana ba hali ba. A ba su kwana uku. Muka samo fasassun randuna biyu a bayan ɗakin girki, muka zuba yashi, muka rufe bakinsu da tsohuwar rariya da dutse a kai. Kullum in na dawo makaranta, kafin in tafi yankan ciyawar awaki, sai in bi gefen danga ina kama fara da gyare da dodon koɗi. Damon yakan dubi abincin ya daɗe, kamar mai jiran a ce bismilla, sannan ya ɗauka. Guzan kuwa da ya ga inuwar hannuna sai ya miƙe, ya buɗe baki, ya zabga wa randar wutsiya.

A rana ta biyu ya cije ni a ɗan yatsa, ya ƙi saki sai da na yarfe shi. Ban gaya wa kowa ba. Na ɗaure wurin da tsumma, na cusa hannu a aljihu, ina tsoron a ce guzan ya faɗi jarrabawa. Da muka zauna cin tuwon dawa, Baba ya lura ina ɗage yatsa ɗaya sama ina cin tuwo da sauran. Bai kunyata ni a gaban mutane ba. Sai da aka wanke hannu ya kira ni zaure, ya wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, sannan ya ɗauki sandarsa ya ja layi biyu a ƙasa. Na farko bai fi tsawon hannunsa ba. Na biyu ya ja shi, ya ja shi, har ya wuce tabarmar da yake zaune a kai. Ya ce na farko damona ne in ya gama girma, na biyu guzana ne. "Kai kana kallon yau, ni ina kallon baɗi. Wanda ya cije ka yana kamar tsinke, me zai yi ranar da ya kai tabarma?" Ya ƙara da cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma zaɓi nawa ne, ba zai yi mini ba. Na daɗe ina kallon dogon layin nan, ina tuna 'yan tsakin Iya. Washegari na mayar da guzan fadama da hannuna, ina hawaye, shi kuwa ya faɗa ruwa ko waiwaye bai yi ba.

Damon na sa masa suna Kurum. Akwai wani tsohon rumbun ƙasa a bayan gida da samansa ya rushe, gindinsa ya rage kamar ƙatuwar tukunya. Nan muka zuba masa turɓaya da guntun kasko na ruwa, muka rufe da asabari. In ban manta ba, bai fi wata guda ba ya daina yi mini huci. Da hantsi ranar da ba makaranta nakan fito da shi ya kwanta a kan hannuna yana shan rana, harshensa na fita yana komawa. Yaran ajinmu da suke yi mini dariya su ne suka riƙa biyo ni gida da fara a cikin gwangwani don a bar su su taɓa bayansa. Sau da yawa ana tsakiyar langa a dandali nakan sauke ƙafa in gudu, don na tuna ban canza masa ruwa ba. Iya in ta wuce da tsintsiya sai ta ce, "Damo sarkin haƙuri, ka yi ta haƙuri da wannan uban naka."

Bayan an gama girbi, an kai dawa gida, ganye ya bushe, sai Kurum ya daina ci. Ya tona rami a gindin bangon rumbun ya shige, bai ƙara fitowa ba. Na shiga damuwar da har yau ina jin nauyinta in na tuna. Na ɗauka ni na kashe shi, wataƙila wani ƙwaro mai dafi na ba shi, kuma kamar yadda na saba, na rufe bakina. Kullum ina ci gaba da jefa masa farar da na samu da ƙyar, don kada a gane. Ana cikin haka 'yan tsakin Iya suka fara ɓata: biyu ranar Talata, ɗaya ranar Laraba. Iya ba muguwa ba ce, amma sharaɗi sharaɗi ne. Ta tsaya a ƙofar zaure ta ce wa Baba ya wasa wuƙarsa. Ni kuwa na rasa wanda zan fi tsoro, a tono shi da rai a yanka, ko a tono gawa.

Baba ya yi farauta a ƙuruciyarsa, kuma yana da hanyar da yake bi. Ya ce, "Falmata, ko alƙali ba ya hukunci ba shaida. Ba ni kwana ɗaya da kwanon toka." Kafin magariba ya sa na share kewayen akurki da kewayen rumbun tas, ya tankaɗe toka da rariya ya barbaɗa ta ko'ina, sumul, ya hana kowa takawa. Da gari ya waye muka fito mu uku. Tokar rumbun tana nan yadda aka bar ta. A wajen akurki kuwa ga sawu nan zagaye-zagaye, ya sauko daga kan katanga ya koma ta can. Baba ya nuna wa Iya da sanda: damo ba ya tafiya bai ja layi da wutsiya ba, wannan sawun muzuru ne. Sannan ya ɗaga asabarin, sai ga tulin busassun farata ba a taɓa ko ɗaya ba, ga yanar gizo ta rufe bakin ramin. Nan na fashe da kuka na ce ya mutu tun tuni, ni na ɓoye. Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce damo azumi yake yi duk rani, sai ruwa ya sauka yake buɗe baki. Wanda ko fara bai ci ba, ina shi ina kaza?

Iya ta duƙa ta duba tokar da kanta. Sannan ta ce, "Da guzan nan ka riƙe, wallahi ba zan jira toka ba." Ta miƙo mini guga. "To, mijin nawa, abokinka ya kuɓuta. Je ka ɗebo mini ruwa, ka kuma wanke wannan fuskar." Da ruwan farko ya sauka Kurum ya fito a rame, ya cinye gyare bakwai a zaune. Ya ƙara damina biyu tare da ni, kuma da zan tafi makarantar kwana muka kai shi dajin da ke hanyar Balan muka sake shi.

Kwanakin baya na ci karo da hotuna a waya na wani babban ƙadangare na Amurka ta Kudu da ake kira tegu, wanda wasu ke kiwo a gida. Abin da na karanta, kuma ban isa in tabbatar ba tunda ban taɓa ganinsa ido da ido ba, shi ne masu kiwon suna gargaɗin a dubi girman da zai kai da halinsa kafin a zaɓa. Wai mai baƙi da fari ya fi girma amma ya fi sanyin hali, mai ruwan zinariya ya fi ƙanƙanta amma ya fi saurin cizo. Ba ina ba kowa shawarar ya kamo dabbar daji ya tsare ba. Mai yiwuwa ma da an tambayi Kurum, da ya zaɓi dajinsa tun farko. Yanzu in na hau babur daga Gaya na je gida, hatsi a buhu yake cikin ɗaki mai kwano, bakin fadama ya zama gonakin rani, kuma na manta rabon da in ga damo. Yaran gidan sun san ƙadangarun wata duniya a waya, ba su san na bayan gidansu ba. Baba da Iya duk sun riga mu gidan gaskiya.

Allah Ya jiƙan tsohon da ya ga ran ɗan damo da hankalin jikansa sun isa a tankaɗe musu kwanon toka.