Tsiron Da Ya Fito Min A Farin Ido

Ni mai wankin hula ne a Mandawari, kuma a wancan lokacin na san girman kan kowane magidanci a unguwarmu, amma fuskata ban santa ba, don rabona da madubi tun ina ango. Kullum ina cikin rana, ina shanya huluna ina juya su. Da wani ɗan nama ya tsiro min a farin idon dama, uwargida ce ta fara gani, na ce mata sitati ne ya fantsamar min. Mai kemis ya ba ni maganin ɗigawa, wata tsohuwa ta ba ni kwalli, abokan sana'a suka ce ido ne ya yi ƙiba. Asibiti kuwa sammako yake so, ni kuma safiya ita ce kasuwata, sai na yi ta cewa bari Sallah ta wuce.

Wata Juma'a wani Alhaji da nake wa wanki ya zo karɓar hulunansa, idonsa ɗaya a liƙe da filasta. Na tsokane shi ko Hajiya ce ta yi hukunci. Ya yi dariya, ya ce ciwon daji ne aka cire masa tun yana kamar ƙwayar gero, 'yarsa ce ta hango shi, likita kuma ya gama kafin shayinsa ya huce. Yana miƙo hannu ya kalle ni, sai dariyar ta ɗauke. Ya ce in rufe rumfa in shiga mota, ni kuwa hankalina yana kan hulunan mutane da ke shanye.

Haka dai na bi shi asibiti, aka ce tsirona ma irin nasa ne, sai dai nawa ya kusa kai girman wake. Likitar ta ce a idon baƙar fata tsiron kan yi duhu, har a ɗauka tabon haihuwa ne, kuma masu aikin rana, waɗanda suka fi kamuwa, su ne ba sa zuwa da wuri. Tsoro ya kama ni sosai, domin mai ido ɗaya ba ya daidaita zanen hula. Aka yi aiki, na daɗe ina ɗiga magani mai yaji, Allah Ya bar min idona.

A gadon kusa da ni akwai wani ɗan dako, mai barkwanci, wanda nasa idon sai da aka cire gaba ɗaya. Yakan ce yanzu rabin kwalli ya ishe shi. Na tambaye shi yadda har ya kai haka babu wanda ya lura.

“Malam, ni kaya ake kallo a kaina, ba fuskata ba.”

Yau ina aiki da malafa da baƙin tabarau, yara suna kirana ango. Don Allah, duk wanda ya ga tsiro a farin idonsa kada ya jira Sallah. Kai kuma da ake ɗaukar maka kaya, kafin ka nuna masa hanya, ka dubi idonsa.