Mai Riƙon Igiya

Sana'ar gidanmu ginar rijiya ce, kuma daga ramin zinari ta zo mana. Kakanmu tun yana saurayi ya bi ayari a ƙafa zuwa ƙasar da tsofaffi ke kira Gwalkwas, don an ce a can mutum na iya tono abin da zai ci har ƙarshen ransa. Ya yi shekaru. Da ya dawo babu zinari a hannunsa. Abin da ya kawo dagi ne guda, da tarin da bai rabu da shi ba, da sanin yadda ake shiga cikin ƙasa a fito da rai. Da wannan sanin ya gina rijiyoyin ƙauyenmu da na maƙwabta, daga wajen Bodinga har kusa da Lambara. Babanmu ya gada, mu ma muka gada, ni da ƙanena.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya na ƙasa yana sara, ɗaya na sama riƙe da igiya yana jawo ƙasar da aka sare. Ƙanena shi ne na ƙasa. Ni ban taɓa sauka ba, tun ina yaro in na leƙa rami kaina ke juyawa.

Akwai ƙa'idar da kakanmu ya bar mana: na ƙasa ba ya yin shiru. Ko salati, ko ƴar waƙa, ko gunaguni, dole a riƙa jin muryarsa. Iskar rami takan ɓaci babu wari, ta sa mutum barci kafin ya iya kira. Saboda haka in murya ta ɗauke, na sama ba ya tambaya, ja kawai yake yi. Sau biyu na jawo ƙanena a sume. A na biyun, da muka yayyafa masa ruwa ya buɗe ido, sai ya ce, "Yaya, ashe kunnuwan nan naka ba ado ba na."

Daga baya burtsatse ta shigo. Mota takan zo da safe, kafin la'asar ruwa na tsiri sama. Ban taɓa jin haushin abin ba, mata sun huta da jan guga. Amma kira ya daina zuwa gidanmu. Muka koma gero da damina, albasa da rani, kamar kowa. Ni na saba. Ƙanena kuwa sai in same shi a zaure yana wasa dagin da babu inda zai kai shi. Wata bazara, ba wanda ya sa shi, ya zana bakin rijiya a ƙofar gidanmu ya ce in ɗauko igiya. Ita ce rijiyarsa ta ƙarshe, kuma ta fi duk sauran daɗin ruwa.

A shekarun da labarin zinarin Zamfara ya cika gari, samari da yawa sun tafi. Wasu sun dawo a kan sababbin babura, wasu ba su dawo ba. Ƙanena bai taɓa tsayawa kallon baburan nan ba. Abin da ya ɗauke shi magana ce guda da wani ya yi a kasuwar Shagari, cewa a can ana neman wanda ya iya zurfafa rami bango bai rufta ba, kuma irinsu ba su da yawa. Ya dawo gida fuskarsa kamar an yi masa albishir da ɗa.

"Yaya, akwai inda aka biɗar mu har yanzu. Taho mu tai."

Na ce Inna ta tsufa, ga gona, ga iyali. Duka gaskiya ne. Amma tsoro ma yana ciki, kuma ya sani.

"To wa za ya riƙa maka igiya?" na tambaye shi.

"Mutane na can cike."

"Ba su san ka ba."

Ya yi dariya ya ce igiya ba ta buƙatar sanayya. Ni na ɗaukar masa dagi har tashar Bodinga.

Dagin ya dawo kafin kakar da ta biyo, a hannun wani abokin aikinsa, tare da hularsa. A can suka yi masa sutura. Mutumin ya ce rami bai rufta ba, ramin ƙanena ba ya ruftawa. Iska ce ta ɓaci. Wanda ke riƙe da igiya mutumin kirki ne, ya ji shiru sai ya ɗauka hutawa yake yi. Na tambaye shi ko ƙanena yakan yi waƙa a cikin rami. Ya ce, "Kullum. Har dariya muke yi mai." Ba wanda ya san amfanin waƙar. Shi kuma bai faɗa musu ba, don a wurinsa abu ne da kowa ya sani, kamar yadda ba a gaya wa mutum ya cire takalmi a ƙofar masallaci.

A zaman makoki na ji kalmar kwaɗayi fiye da sau ɗaya, a hankali, bayan an shafa addu'a. Rijiyar da ƙanena ya gina a ƙofar gidanmu kuma na daina zuwa kusa da ita. Rijiya in ba a ɗiba mutuwa take yi. Ganye ya taru a ciki, sannan akuyar wani ta faɗa, ruwa ya fara wari. Mai gari ya aiko a kira ni.

Na durƙusa na gaishe shi a gaban dattawa. Ya ce an yanke shawara za a cike rijiyar bayan Juma'a. Har nan ba ni da abin cewa, warin gaskiya ne. Sai ya ƙara da cewa, "Mai ita ma ya bar ta yat tafi biɗar duniya. Kwaɗai na yak kai shi, Allah shi jiƙan shi. Gara a rufe, yara su ga aya."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ruwan da anka yi maka wankan haihuwa da shi, daga wace rijiya anka ɗebo?"

Wani dattijo ya ce in iya bakina.

Na ce, "Na iya, Baba. Kakana yag gina ta, kuma ramin zinari yak koyo. Da bai tai ba, da kandami kunka sha kunka girma. Shi da yad dawo da rai sai kunka ce mai albarka. Jikanai bai dawo ba, sai ku ce kwaɗai? Ƙanena bai bar garin ga don zinari ba. Hannunai anka daina buƙata, yat tai inda aka kiran shi. Ba a cike rijiyag ga da wannan magana bisa kanta. Ni ka yashe ta."

Aka yi dariya, don kowa ya san ban taɓa sauka ko taku ɗaya ba. Mai gari bai yi dariya ba. Ya ce in ruwa ya gyaru kafin Juma'a, an bar ta.

Sai neman mai riƙe igiya. Akwai wani Bafulatani sa'ana da ke kiwo ta wajen Mandera, wanda shanunsa suka sha wannan rijiya shekara da shekaru, don wurin burtsatse ba a barin dabba. Na same shi na faɗa masa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya kira ni da sunan da Fulani ke tsokanar Bahaushe da shi.

"Kai, Kaɗo? Kai da ko jaki ka hau sai ka rufe ido?"

"Za ka riƙa ko ba ka riƙawa, Bahillace?"

"Ina riƙawa. Na ja bijimi daga laka, bale kai."

Na zaunar da shi na faɗa masa ƙa'idar, sau uku, har ya ce ko saniya ce shi ai ya gane. Ranar Laraba da hantsi muka fara fitar da mushen da ƙugiya, muka kwashe ruwan da guga. Na zura fitila, ta sauka har ƙasa ba ta mutu ba. Na ɗaura igiya a ƙugu, na yi bismilla, na juya wa sama baya.

Ƙafata na laluben bango, sai ta faɗa cikin wani ɗan gurbi. Na ƙara sauka, ga wani. Matakan da ƙanena ya sassara wa kansa ne, daidai tsawon ƙafarsa, kuma ya fi ni gajarta, don haka sai da na riƙa rage takuna in dace da nasa. Ina ta salati da ƙarfi. Da na isa ƙasa na cika guga biyu da laka. A na uku na ɗaga kai, na ga ɗan zagayen haske can sama da kan mutum a gefensa. Ashe haka ƙanena yake ganina duk shekarun nan. Ban san lokacin da salatin ya tsaya ba.

Ban ankara ba igiya ta fizge ni. Kafaɗata na gogar bango, gwiwata ta kuje, kafin in ce wani abu ina kwance a bakin rijiya cikin rana, Bafulatanin na haki a kaina.

"Na ji ka yi shiru, Kaɗo."

Na tashi zaune. Bai tambaye ni komai ba, ya dai juya yana gyara kullin igiya. Da na huta na ce ya mai da ni.

Kwana biyu muka yi muna yasa. Ranar Juma'a bayan an sauko, na kai wa mai gari ruwa a ƙwarya. Ya sha, ya miƙa wa na kusa da shi. Bai janye maganarsa ba, ni ma ban roƙe shi ya janye ba. Na sa maƙeri ya yi mata murfi.

Rijiyar na nan. Kowace safiya nakan ja guga, ko da randunan gidanmu cike suke, kuma duk bazara nakan sauka in yashe ta. Kaina bai daina juyawa ba. Har yanzu akwai masu cewa kwaɗayi ne, amma ba sa faɗa a bakin rijiyar nan.