Sunan da Ya Ƙi Fita a Takarda

Ni malamin lissafi ne, mushe kamar yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, a wata kwaleji ta karkara, can wajen Geceme, kuma ba zan ɓoye ba, ina da ji da kai. Abin da ya ƙara kumbura mini kai shi ne manhajar da na rubuta wa lakwal ɗinmu, wato makarantarmu. Ba wanda ya zaunar da ni a aji ya koya mini. Da wata tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, na koya, da darussan da nake saukewa duk ranar da rezon intanet ya ga dama. A hankali na ƙera abin da ke ajiye sunayen ɗalibai da makinsu, ya kuma fitar da takardu tsaf. Ba ruwanta da intanet, a kan ordinatar ofishin direkta take zaune. Shekara biyu tana aiki lafiya lau. In baƙo ya zo, direkta yakan aika a kira ni in nuna masa, ni kuwa in yi ta danne-danne ina wani ɗage gira.

Wata Juma'a, zafi ya fara shigowa, muka liƙa jerin sunayen waɗanda za su yi jarrabawar birbe, ta kammala kwaleji. Ran Litinin da rana direkta zai kai takardun da kile, ɗan filashin da ke ɗauke da su, ofishin masu kula da jarrabawa. Daga nan an rufe ƙofa, wanda babu sunansa sai baɗi.

Ina haɗa littattafaina sai ga wata ɗalibata ta tsaya bakin ƙofa. Yarinya ce marar surutu, amma in aka zo lissafi ba ta da wasa. A gidan gwaggonta take zaune saboda ƙauyensu da nisa. Tun farkon shekara mahaifinta ya faɗa mini baki da baki cewa bana ce ta ƙarshe. In ta ci birbe ta wuce gaba, in ba haka ba ta koma gida, don uwarta ba ta da lafiya kuma aiki ya yi masu yawa. Wato a wurinta babu wani baɗi.

Ta ce, "Mushe, ban ga sunana ba."

Ko kallon kirki ban yi mata ba. Na ce surbeyan, mai kula da ɗalibai da shigar da sunayensu, shi ne ya manta, ta tafi, yanzu zan gyara. Na shiga ofis na rubuta sunanta da na ubanta da ranar haihuwarta, manhaja ta ce an adana. Na buga takardar ajinmu. Babu ita. Na sake, babu ita. Sau uku ina yi, sau uku tana ɓacewa. Na ɗora wa surbeyan laifi, na ɗora wa firinta, na ce kile ɗin wani ne ya kawo mana cuta. Surbeyan ya ce ko dai aljana doguwa ce ta shiga injin, a nemo masu garayar bori. Na balla masa harara ya kama bakinsa. Direkta ya ce in cusa sunan da hannu mana a huta. Zan iya, amma wa ya tabbatar mini ita kaɗai ce ta ɓace?

Muna da wata ƙaramar ƙungiya a Dogon Dutsi, mu biyar masu rubuta manhaja. Duk Asabar da hantsi ake haɗuwa a shagon wani matashi mai sayar da wayoyi. Ustaz muke ce masa, saboda gemunsa da ɗangalallen wandonsa. Akwai kuma wata mata da ke aiki a wani kamfanin magani, wadda ta fi mu duka sanin aikin, muna ce mata Madam. Suna da wata ƙa'ida da ni nake gani wasan yara ne. Ba a taɓa madannan ordinatar wani. Wanda ya kawo matsala shi zai zauna a kan wata kujera ya karanta abin da ya rubuta layi-layi, ba da Faransanci ba, ba da yaren inji ba, da Hausa zalla, kamar yana yi wa kakarsa bayani. Na sha zuwa ina taya wasu, ina dariya in sun yi ta inda-inda. Ni kam ban taɓa zama a kan wannan kujera ba, kuma na sha alwashin ba zan zauna ba.

Asabar da sassafe na kwafe manhajar da dukkan bayanan, na shiga motar Dutsi. An cusa mu kamar buhunan gero, ordinata a kan cinyata, kajin wata tsohuwa a kan ƙafata. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗi matsalar ba tare da na ce na kasa ba.

Da na isa na tarar Ustaz ya ɗora shayi. Na ajiye injin gaban Madam na ce ta ɗan duba mini wani abu, sauri nake. Ta tura mini shi da ɗan yatsa ɗaya. Ustaz ya jawo kujerar, har da kakkaɓe ta da hularsa, yana cewa yau babban baƙo gare su. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce rayuwar yarinya ce a hannuna, su kuma suna wasa. Madam ta ce shi ya sa ma ba za ta taɓa ba, don in ta gyara ban gane ba, gobe wata yarinyar ce za ta ɓace. Na zauna.

Kai, ashe abin da wuya. Abin da ka rubuta da hannunka, a ce ka faɗe shi da harshen da aka haife ka da shi, sai ka ji bakinka ya yi nauyi. Na fara daga inda ake shigar da suna. Na ce nan manhaja tana karɓar suna ta ajiye. Suka ce to. Na ce nan tana jera su bisa haruffa. Suka ce to. Na zo kan wani layi na tsallake, na ce wannan shara ce kawai. Ustaz ya ce kakarsa ba ta gane ba, wace irin shara, da wace tsintsiya?

Dole na buɗe wurin. Wani ɗan guntun aiki ne da na rubuta tun farko na manta da shi. A lokacin surbeyan yakan shigar da yaro ɗaya sau biyu, ni kuma don in nuna gwaninta sai na sa manhajar ta riƙa share maimaici da kanta kafin a buga takarda, ba ta tambayi kowa ba. Na karanta masu da Hausa: idan suna ɗaya ne, sunan uba ɗaya ne, ranar haihuwa ɗaya ce, to mutum ɗaya ne, a bar na farko a jefar da na biyu.

Madam ta ajiye kofin shayinta. Ta ce, "Mushe, kai wace rana aka haife ka?"

Na ce ɗaya ga Janairu.

Ta juya ga Ustaz. Ya ce shi ma haka takardarsa ta ce. Wani da ke gefe yana gyaran waya ya ɗaga hannu ya ce a sa da shi.

Ban jira ta yi bayani ba, na riga na gane, kuma kunya ta rufe ni. Mu ƴan ƙauye da aka haifa a ɗaki, ba a asibiti ba, wa ya rubuta mana rana? Sai lokacin shiga lakwal a je a yi takardar shaidar haihuwa, a ƙiyasta shekara, a ɗora mana ɗaya ga Janairu gaba ɗayanmu. Sunaye kuwa, a gari guda sai ka sami mutum goma suna amsa suna ɗaya. Ni da na tashi cikin wannan, ni ne na kwafo dabarar daga darasin mutanen wata ƙasa, inda kowa ya san ranarsa har da sa'arsa, na kawo na ɗora wa yaran Arewa. Muka bincika, sai ga takwararta a ɗaya ajin da ba ni nake koyarwa ba. Suna ɗaya, sunan uba ɗaya, ƙauye daban. Ita aka fara shigarwa, don haka kullum tawa ake jefarwa.

Ba wanda ya yi mini dariya, abin da ya fi ba ni mamaki ke nan. Ustaz ya ce shi ma ya taɓa yin wadda ta fi wannan, ya ba da labarin don in sake. Madam ta ce a ba kowane ɗalibi lambarsa ta kansa, kuma kada manhaja ta sake share kowa. In ta ga biyu sun yi kama, ta nuna su ga mutum, da ƙauyensu da ajinsu, shi ya yanke. Suna faɗa ina rubutawa, in na yi kuskure su yi gyaran murya har in gano da kaina. Muka tashi muka yi azahar muka dawo. Da muka sake buga jerin, sai adadin ya ƙaru da biyu, ba ɗaya ba. Akwai wani yaro da ke kwance gida yana jinya, shi ma manhajata ta haɗiye shi, kuma ba wanda ya lura.

Litinin da safe na liƙa sabon jeri, direkta ya sa hannu ya kama hanya. Na shiga aji ina neman yarinyar, wurinta babu kowa. Ƙawayenta suka ce tun Asabar ta tafi gida da jakarta. Ran Juma'a da yamma ta dawo ta duba ba ta ga an gyara ba, gwaggonta kuma ta ce to zaman me za ta yi.

Ana tashi na ari babur ɗin surbeyan. Hanyar rairayi ce, sau biyu ina sauka ina turawa. Na tarar da mahaifinta a ƙofar gida yana gyaran amalanke. Muka gaisa, na miƙa masa takardar na nuna masa sunan. Bai iya boko ba, amma ya riƙe ta da hannu biyu ya daɗe yana kallo. Ya ce an faɗa masu inji ne ya ƙi ta, su kuma sun ɗauka wani abu ta yi ko takardunta ba su cika ba. Ya yi mata faɗa ma a kan haka.

Da na so sai in bar shi a kan inji. Na ce, "Baba, ba inji ba ne, ba kuma ita ba ce. Ni na yi kuskure, kuma na zo in ba ku haƙuri."

Ya dube ni, ya ce tun da yake bai taɓa jin mushe ya zo har gida ya ce shi ya yi kuskure ba. Ya ɗaga murya ya kira ta. Ta fito hannuwanta duk dusa, daka take yi. Ta karɓi takardar ta karanta sunanta da sunan ƙauyensu a gefe, ta sake karantawa. Uban ya ce ta shiga ta haɗa kayanta, gobe da asuba zai kai ta.

Ta ce, "Baba, ai ban kwance jakar ba."