Ranar da Na Dafa Kunnena a Motar Rake

Injin niƙa ne ya cinye min kunnuwa. Na yi shekaru a bukkar injin nan ta bakin hanyar Taba ina niƙa wa mutane masara da dawa, ashe ƙarar ita ma tana niƙa nata a cikin kaina. Da na bar sana'ar na koma dillancin rake, sai na ga duk garin an koyi magana ƙasa-ƙasa. Na daɗe ina ganin laifin mutane ne. Har liman na taɓa tarewa na ce ya daina haɗiye rabin karatu.

In faɗi gaskiya, da farko kurumtar ba ta dame ni ba. Mai kawo tsegumi ya yi ya gaji ya tafi. Mai neman a raka shi gaisuwa garin da mota ba ta zuwa, shi ma ya gaji ya tafi. Ni dai in gyaɗa kai in ce haka ne, in na ga fuska ta ɓaci in ce Allah Ya kyauta. Waɗannan biyun sun ishe ni kowace irin hira. Da ma ban yi nisa a firamare ba, ba a saba jiran ra'ayina ba.

Abin da ya ɓata min wannan hutu shi ne ciwon da ya kama matata a maƙogwaro. Aka yi mata aiki a Zariya, ta tashi lafiya, amma muryar ba ta biyo ta gida ba. Matar da a da in ta kira ni daga madafa sai maƙwabta su amsa, ta koma raɗa. Ga kuma numfashi da kan sarƙe mata ba sallama, sai an miƙa mata maganin da take shaƙa. Sai gidan ya zama na mutum biyu, wadda ba ta iya ɗaga murya da wanda ba ya ji sai an ɗaga.

Wata rana da hantsi ta faɗi a wajen randunan ruwa, numfashi ya riƙe. Ina zaune a tsakar gida ina ɓarar masara, na ba ta baya, ba wata tazara tsakaninmu. Tana ta kirana. Akuya ce na ga ta tsaya tana kallon wuri ɗaya, na juya don in ga abin da ya ɗauke mata hankali. Na kai mata maganin, ta warware. Ba ta ce min komai ba a kan abin, ko kuma ta ce ban ji ba. Ranar dai ban iya cin tuwo ba.

'Yarmu da ke aikin jinya a Zariya ta ji labari, ta zo ta tafi da ni asibiti aka gwada kunnuwan. Na dama aka ce ya riga ya tafi. Na hagu ne da sauran rai, shi aka yi wa na'ura. Abu ne ɗan ƙarami kamar ƙwayar gurjiya, da 'yar battarsa mai murfi inda ake kwantar da shi ya sha wuta. Ta kafa min doka: kada ruwa ya taɓa shi, kada in ba wani aro, kuma kada in sa masa kowace caja sai farar da ya zo da ita. Na ce wa zai ari kunne? Ta ce ta san mutanen majalisarmu.

Ranar da na fara sawa na ji kaji, na ji takalmina yana jan ƙasa, na ji ashe ƙofar zaure kuka take yi. Na zauna kusa da matata ina jiran wata magana mai daɗi bayan tsawon wannan shiru. Ta dube ni ta ce min ina tauna kamar doki, kuma ta daɗe tana faɗa. A majalisa kuwa cewa suka yi tsoho ya sa 'yan kunne, yaushe za a kawo lefe. Duk na ji su sarai, na kuma ji daɗin jin.

Matsalar ɗaya ce, wuta. Muna da turaku da wayoyi a garinmu, amma wutar kanta baƙuwa ce, in ta leƙo sai a yi ta yi mata sannu da zuwa. Wurin wani mai shago da ke da sola nake kai battar da farar cajar. To ana tsakiyar kakar rake batirinsa ya mutu, ya rufe shago ya ce sai ya samo wani. Na'urar ta fara yi min ɗan kukan nan na yunwa a kunne.

Ran kasuwar Maƙarfi na ci karo da wani mai baro, ya jera cajojin mota kamar an baza kifi. Ya ɗauko wata baƙa ya ce wannan tana cajin waya, da tocila, da rediyo, da komai. Na ce har kunne? Bai ko tambayi abin da nake nufi ba ya ce har kunne, Baba. Na auna ta a hannu, ba ta fi ɓawon gyaɗa nauyi ba. Kuɗinta ma bai sa na yi ciniki ba, ni da nake ciniki ko a kan allura. Ya haɗa ta da wani batir da ke gindin baron, wata shuɗiyar fitila ta kama a goshinta. Fitilar nan ce ta saye ni.

A bas ɗinmu na kasuwa akwai al'ada. Da an zauna kowa zai miƙo wayarsa gaba, direba ya jera su a gabansa, a riƙa sawa a ramin nan na kunna taba ɗaya bayan ɗaya har a iso. Ni da yake gidan gaba ake ba ni don tsufa, sai na zama mai rabon layi, kuma kowa ya san wanda mai rabo yake fara sawa. Cajar ta yi aiki. Sai dai ba ta zauna daram a ramin ba, duk gargadar da aka faɗa fitilar ta mutu ta dawo. Na ɓare ɓawon rake na cusa a gefe ya riƙe ta. Da na cire battar na ji ta da ɗumi kamar ƙwan da kaza ta sauka a kai yanzu. Na ce ta ƙoshi ke nan.

Na yi haka 'yan lokuta, sai na lura cajin ba ya jimawa kamar da. Mai hankali zai zargi cajar. Ni bas ɗin na zarga. Na zauna na yi nazari irin nawa: ƙaramar mota, ƙaramar wuta. Abin da ake bukata babbar mota ce.

Akwai wani direban gingimari Bakano da ke zuwa ɗaukar rake a fadamun Kudan, ni nake haɗa shi da masu gona. Tsakanin Bazazzage da Bakano kuwa ba a gaisawa sai an taɓa juna. Wata rana an gama lodi ana ɗaure igiya, na hau gaban motar da ƙyar, na fito da battata da baƙar cajata. Ya karɓa ya jujjuya ta.

"Baba, wannan fa ba bas ba ce. Batir biyu ne a haɗe, wutarta ninkin ta ƙaramar mota ce. Ni kaina ba kowace caja nake sawa a nan ba."

"Ai abin da na zo nema ke nan," na ce. "In ta sha sau ɗaya, sai wata ya mutu ban sake nema ba."

"Bazazzage dai ko an saya masa kunne ba ya jin magana."

Na ce masa rowa ce irin ta Kanawa, da wutar ta sayarwa ce da tuni ya auna min a mudu. Ya yi dariya ya ce ga mota nan in yi yadda nake so, amma in shaida ya faɗa min. Na ce na shaida. Na zare na'urar daga kunne na kwantar da ita a batta, duniya ta yi tsit. Maganar ƙarshe da abin nan ya kai min ke nan, kuma shawara ce mai kyau.

Ya tayar da mota. Shuɗiyar fitilar ta haska irin hasken da ban taɓa ganin ta yi ba, na taɓo shi na nuna masa da haɓa, wato ka gani? Na jingina na kama shan rake. Daga baya ya ce min abin ya yi ƙara kamar gugguru a tukunya. Ni ban ji ba. Wari na fara ji, irin na takalmin roba da ya faɗa murhu, sai na ga ya cire hularsa ya damƙe cajar da ita ya fizge. Hayaƙi siriri na fita daga bakinta. Murfin battar ya lanƙwashe. Na fito da 'yar na'urar tana ƙona min yatsu, na hura mata iska, na sa a kunne tun ba ta gama hucewa ba. Na ga bakin direban yana motsi. Na duba fuskarsa na ga babu wasa a ciki, daga nan na san abin da ake ciki.

Matata tana gida tare da matar maƙwabcinmu, mutanen kudancin Kaduna ne da suka daɗe a garin, ita ke zama da ita duk ranar da na fita. Don haka na wuce Ikara kai tsaye, wurin wani mai gyaran waya da direban ya kwatanta min. Ya fasa cajar da ɗan ƙarfe ya nuna min cikinta, fili fetal, sai wani ɗan faranti kamar farce. Ya kafa baki a kunnena na hagu yana ihu har masu wucewa suna tsayawa. Abin da na tsinta shi ne, caja mai kyau tana da abin da ke rage wuta ya daidaita ta, in kuma ta yi yawa ya yanke. Wannan inda ya kamata a sa abin yankewar, guntuwar waya aka sa. Duk abin da motar ta turo sai ta miƙa wa battar. Ya ce ko a bas ma cinye ta take yi a hankali, ɗumin nan da na ji ba ƙoshi ba ne. Na tambaye shi gyara. Ya girgiza kai, wannan ban bukaci kunne ba.

Da na isa gida na zauna a gaban matata na buɗe tafin hannuna. Ta ɗauki na'urar, ta duba, ta shinshina. Sannan ta kama kunnena ta jawo shi bakinta, ta tattara duk muryar da ta rage mata. Rabin abin da ya iso ni ɗumin numfashi ne.

"A motar wa?"

Na faɗa mata, har da nazarin da na yi na babbar mota da babbar wuta. Ta yi ta dariya ba sauti, kafaɗunta suna rawa, har tari ya sarƙe ta. Na tashi da gudu na ɗauko maganin. Ina tsaye a kanta tana shaƙa, na ga da a ce baya na ba ta, ko dariyar ko tarin ba wanda zan sani.

Maƙwabciyar ce ta kira 'yarmu a waya, tana ji tana juyowa tana yi min ihu. Wai sai an sake gwada kunnen, a aika a kawo wata, kuma ba za ta samu ba kafin damina. Wai kuma a ce min ba ta yi fushi ba. Na dubi yadda maƙwabciyar ta nisanta wayar daga kunnenta, na ce to, madalla.

Sai na bar wa wani abokina dillancin na sauran kakar. Na daina zuwa kasuwa, na daina zaman majalisa. Duk inda matata za ta zauna, sai in ja kujerata in fuskance ta. In za ta wajen randa in bi ta da ido, in za ta madafa in koma bakin ƙofa. Mutanen majalisa suka aiko a tambaya ko kulle aka yi min, in haka ne su kawo min lalle. Na ce a gaya musu ban ji ba.

Inda abin ya gagara shi ne bayan azahar, lokacin da barci kan ɗauke ni a zaune ko ina so ko ba na so. Ita ta samo dabara. Ta kwance igiyar ramar da muke shanya, ta ɗaura bakin ɗaya a idon sawuna, ta naɗe ɗayan a hannunta. Na ce yanzu ni da akuyar gidan nan ba bambanci. Ta yi min alama da hannu cewa akuyar ta fi ni lura.

Ranar farko ina cikin barci na ji an fizgi ƙafata. Na zabura na tashi, hula ta faɗi, ina laluben inda maganin yake. Na same ta zaune lafiya lau tana tsince wake a faifai. Na ce mene ne? Ta ɗago ta dube ni, ta motsa baki a hankali yadda zan gane: gwadawa take yi. Na ɗauki hulata na koma na zauna. Ta sassauta igiyar kaɗan, ta ci gaba da tsintar wakenta.