Yadda Na Bi Sawun Fayil ɗin Ofishin 'Yan Sandan Ƙauyenmu

Shekarun baya, ina sabon shiga aikin rediyo, ina zaune a Kalgo, kawuna ya zo mini da wata magana bayan an sauko daga Juma'a. Ƙauyenmu yana tsakanin Gwandu da Kalgo, kuma a bakin kasuwarsa akwai ofishin 'yan sanda da ƙaramar hukuma ta gina. An yi masa fenti, an kafa tuta, an yi bikin buɗewa har da makaɗa. Shekara biyu ke nan ɗan sanda ko ɗaya bai taɓa zama a ciki ba. Awaki ne ke shan inuwa a barandar.

A ranin shekarar ɓarayi sun kore shanun noma na gidaje uku. Kawu yana da bijimai biyu, su ke ja masa garma, su ke ja masa amalanke.

"Ɗana," ya ce, "in damina ta kawo kai ba a kawo muna 'yan sanda ba, saida su zan yi. Gara in saida da hannuna da a kore su. In na saida kuwa, noma ya ƙare mani. Kai da kake magana gwamna na ji, mi ya hana ka tambaya?"

Gwamna ba ya jina. Shirin gaishe-gaishe nake gabatarwa da sanarwar ɗaurin aure. Amma ban gyara masa ba.

Na zauna na rubuta wa ƙaramar hukumar takarda, da irin Turancin da ni kaina sai da na duba ƙamus. Na kafa hujja da dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Tambayoyina uku ne: 'yan sanda nawa aka nema, wa aka rubuta wa, me ya amsa. Na kai kwafi biyu sakatariya, aka buga mini hatimi a ɗaya na dawo da ita.

Kwana bakwai suka wuce. Na koma, aka ce oga ya fita. Na sake komawa, aka ce mai makulli ya tafi ta'aziyya. Zuwa na uku wani jami'i ya ce mini cikin ladabi, "Malam, wannan doka ta Abuja ce, ba ta iso nan ba tukuna."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wace mota ta hau, in je in tarye ta?"

Ya yi dariya, na yi dariya, na fito hannu wofi.

Sai na roƙi shugaban sashenmu ya ba ni daƙiƙa goma a ƙarshen shirina. Ya ce ban da zagi, ban da zargi. Kullum in na gama gaishe-gaishe sai in ce, "Yau kwana goma sha biyu da muka nemi ganin fayil ɗin ofishin 'yan sandan ƙauyenmu. Muna jira." Shi ke nan. Washegari in ƙara ɗaya.

Ban taɓa zaton abin zai kama haka ba. In na shiga tasha, 'yan kabu-kabu su hau kira, "Malam, yau kwana nawa?" Masu bugo waya suka daina gaida surukansu sai sun fara taya ni ƙirga. Ni kuwa har tafiyata ta canza. A kwana na ashirin da uku aka kira ni daga sakatariya, aka ce in zo.

Wadda ke kula da ɗakin ajiyar fayil wata dattijuwa ce 'yar Zuru, ta kusa ritaya. Ta nuna mini benci.

"Ƙanena, zauna. Da tun farko wurina ka zo, da ba ka cinye takalminka ba."

Ta miƙo mini fayil siriri. Tun a hanya na gama tsara kanun labarin a kaina, da sunan wanda zan kama.

Takardu uku ne a ciki. Ta farko, ƙaramar hukuma ta nemi a turo mutum shida. Ta biyu, amsar rundunar 'yan sanda ce: za su iya ba da huɗu, da sharaɗin a tanadar musu ɗakunan kwana da ruwa, in an shirya a sanar da su. Ta uku 'yar gajera ce, tana cewa an aika wa mai garinmu kwafin amsar. A ƙasanta wani ya rubuta da jan biro cewa an aiwatar, a rufe fayil.

Na ce, "Madam, wa ya kai wa mai gari?"

"Masinja."

"An fassara masa?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Masinja kaiwa ne aikinsa."

Ta yi mini kwafi, na hau babur ban ko tsaya cin abinci ba. Na tarar da mai gari a zaure da dattawa, har da kawu. Na gaida su, na miƙa masa takarda ta biyu. Bai dubi rubutun ba, tambarin sama ya duba.

"Af, ai wagga muna da ita."

Ya nuna bango. Ga ta nan cikin gilashi, tsakanin kalanda da hotonsa na aikin Hajji.

"Takardar yabo ce da gwamnati ta aiko muna bayan buki. Ni na sa anka yi mata gilashi a Gwandu."

Na miƙe tsaye na karanta musu ita da Hausa, da muryar labaran duniya. Kawu ne ya fara magana.

"Ashe shekara biyu 'yan sandanmu na rataye ga bango."

Dariya ta ɓarke, har mai gari yana share ido da bakin rawani. Da ya samu numfashi sai ya juyo kaina. "To kai ɗan boko, Sallah nawa ka sha hura ƙarƙashinta?"

Huɗu ne. Ban taɓa ɗaga kai ba.

Washegari na faɗi komai a rediyo yadda yake: hukuma ta rufe fayil ba ta bi sawu ba, gari ya rataye takardar da bai karanta ba, ni kuma na zauna a ƙarƙashinta. Kwana biyu bayan haka sakataren ƙaramar hukumar ya zo ƙauyen da kansa, Madam na biye da shi da fayil. A gaban jama'a ya ɗauki nauyin rufin ɗakunan da gyaran rijiya, ya kuma amince duk takardar da za a aiko gari daga yau a haɗo ta da Hausa. Na ce a rubuta, a buga hatimi, a ba mu kwafi. Ya harare ni, ya rubuta.

Gari ya yi gayya. Kawu da bijimansa suka yi ta jigilar ƙasa da ruwa, ɗaki huɗu suka tashi kafin hadari ya fara haɗuwa. 'Yan sanda uku suka iso, na huɗun har yau muna tambaya. Da ruwan shuka ya sauka, kawu ya ɗaura garma ya shiga gona, maganar sayarwa ba ta sake tashi ba.

Har yanzu ina tuna ranar da aka miƙo mini fayil ɗin nan. Na je neman mai laifi ɗaya, na samo uku, kuma ɗaya ni ne. Amma da ba a matsa an buɗe shi ba, da har gobe hukuma tana ganin ta gama nata, mu muna ganin an manta da mu. Tun daga lokacin, duk jami'in da ya ce mini an yi, sai in ce madalla, nuna mini. Duk ɗan garinmu da ya ce mini ba a yi ba, shi ma sai in ce ya ɗauko abin da aka aiko masa mu karanta tare.