Wa Ya Binne Gawarwakin

Jiya ɗiyata tana bitar jarabawar bak ta kammala sakandare, ta tambaye ni yadda ake kwatanta waƙoƙin yaƙi biyu. Sai maganar marigayi mushenmu, malaminmu na adabi, ta fito daga bakina, tsohon da ban taɓa ƙauna ba.

A kan irin wannan tambaya na taɓa cika takardata da yabon jarumai, kamar mai kirari a kasuwar Dakoro. Ya ɗaga ta da yatsunsa masu warin taba, ya yage ta gaban aji.

Ya ce, "Ba maroƙa nake horarwa ba. A kowace waƙa ka nemo wanda ya binne gawarwakin. Nan suka bambanta."

Ɗiyata ta ce, "Baba, ashe kai gwani ne." Ban faɗa mata mai maganar ba.

Allah ya yi mishi rahamar da bai taɓa yi mana ba.