Ƙyauren da Ke Rufe Kansa

Gidanmu na cikin birnin Daura ya kasu biyu ne bayan rasuwar mahaifinmu. Ƙanina ya ɗauki sashen gaba, inda zaure yake. Ni na ɗauki na baya, na fasa katanga na fitar da ƙofa ta lungu saboda shigo da katako, don ni kafinta ne. Tsakanin sassan biyu akwai shigifa, wani ɗan soro mai duhu wanda tun muna yara ba a taɓa rataya masa ko labule ba. Ɗakin Inna, mahaifiyarmu, ya faɗo a sashena, bangonsa ɗaya da shigifar. Haka aka yi rabon, aka shafa fatiha, kuma mun yi shekaru ba wanda ya ji kanmu.

Sai ƙanina ya bar sayar da hatsi ya koma sayar da fetur. Da safe ya ɗaure jarkoki a babur ya nufi hanyar Kongolam, bakin iyakar Nijar, da yamma ya dawo da abin da ya rage, wani lokaci har da ƙari. Ba ni da ta cewa a kan sana'ar mutum. Wurin ajiyar ne ya hana ni sakat. Akwai wani ɗan ɗaki a bakin shigifa ta ɓangarensa, inda a da ake zuba harawa, nan ya mayar ma'ajiyar mai. Inna kuwa ba ta rabuwa da kasko. Da asuba garwashin ɗumama ruwan alwala, da hantsi na shayi, da yamma na turaren wuta. Daga bakin ɗakinta zuwa jarkar farko, in ka shimfiɗa tabarma ta kai.

Na bi abin daki-daki. Da farko na sami ƙanina shi kaɗai, na ce masa ya ɗauke man nan daga bakin shigifa.

Ya ce, "In kai shi ina, Yaya? Waje ɓarayi, ɗakina yara. Jarkokin a rufe suke gam. Mutane nawa ke ajiye shi a ƙarƙashin gado, me ya same su?"

Daga nan na koma wurin Inna, na roƙe ta ta dawo ɗakin da ke can ƙuryar sashena. Ta ce a ɗakin nan ta haife mu, kuma daga nan za a ɗauke ta. Na ce to ta bar kasko, zan sa a riƙa dafa mata ruwa a kicin ana kawo mata.

Ta yi dariya ta ce, "Ka haɗa da numfashina ka ɗauka mana."

Da magana ta ƙare, abin da ya rage mini shi ne wanda hannuna ya sani. Na taɓa yin aiki a Kano ƙarƙashin wani ɗan kwangila, muka sa ƙofofi a wani babban bene, a nan na san ƙyauren tare gobara. Katako ne, amma cikinsa a cike yake, nauyinsa sai mutum biyu. A gefensa akwai wani siririn zare da aka binne cikin tsagi, wanda in ya ji zafi sai ya kumbura ya toshe duk wata kafa. A samansa kuma ana ɗaura wani hannun ƙarfe da ke mayar da shi ya rufe kansa da zarar an sake shi. Ba ya kashe wuta. Riƙe ta yake yi na ɗan lokaci, daidai yadda za a ɗauki tsohuwa a fitar da ita. Abin da nake nema ke nan.

Wani tsohon abokin aiki ya samo mini guda, da firam ɗinsa, wato katakon da ake kafawa a bakin ƙofa a rataya shi a jiki, aka ɗoro a mota. Ya iso a farkon damina, saboda haka ban sa shi ba. Katako yana shan danshi, in ka rataye shi a jiƙaƙƙen bango zai kumbura, in rani ya zo ya motse ya bar kafa. Jingine shi a bango ma ba a yi, sai ya lanƙwashe. Na kwashe kayan aikina daga ɗakinsu, na share, na zuba maganin gara, na jera gungumen katako a ƙasa a lebur, na kwantar da shi a kai, na yafa masa zanin gado. Kullum in buɗe taga da hantsi, in rufe in hadari ya taso.

Taubashina, ɗan kawunmu, ya zo ya leƙa ya ce, "An ce ka yi amarya daga Kano ka kulle ta a ɗaki, ko gaisuwa ba ta fitowa."

Na ce sai bayan damina.

Ya ce, "To, Allah ya sa ta iya tuwo. Da wannan nauyin dai, duk wanda ta faɗa wa ya gama."

Lokacin nan kowa dariya yake yi, har da Inna.

Da ruwa ya ɗauke na gyara shigifar. Na toshe ramukan ɓera, na yaɓe azarar sama, na shafe bakin ƙofar da siminti, na bari ya bushe sosai. Sannan na je na gaya wa ƙanina cewa zan sa ƙyaure. Yana ɗaure jarka a babur, bai ɗago ba ya ce, "Gidanka ne." Na kafa firam, na auna, na sake aunawa. Na ɗaura hinji, na rataye ƙyauren, na bar kafa daidai wadda zaren zai iya toshewa. Hannun ƙarfen na sa a ƙarshe. Na tura shi na sake, ya dawo a hankali ya zauna cikin firam ɗinsa. A duk shekarun da na yi ina kafinta ban yi aikin da ya kai wannan tsabta ba.

Wadda ta fara bi ta cikinsa matar ƙanina ce, da kwanon tuwon Inna a hannu. Ta jawo shi da hannu ɗaya ta wuce, ƙyauren ya rufe a bayanta. Ta juya ta dube shi, ta dube ni, ta ajiye kwanon ta koma. Kafin magariba magana ta gama unguwa, wai na rufe wa ɗan'uwana ƙofa.

A garinmu ba a rufe ƙofar cikin gida da rana. In ka ga an rufe, to ko ciwo ne ko gaba. Shi kuwa wannan ƙyauren bai san babba ba, bai san baƙo ba. In gwaggonmu ta biyo bayan wani, a fuskarta zai rufe. In jika ya taho da gudu, ya tarar da katako. Kuma duk sanda ya rufe, a wurinsu ni ne na rufe, ko da ina can Sandamu ina buga wa wani silin.

Inna ta sa aka mirgino mata tsohon turmi ta tokare shi. Na dawo na ɗauke. Washegari na tarar da turmin ya koma. Na tsuguna na yi mata bayani cewa ƙyauren da aka tokare daidai yake da babu, wuta ba ta jira a ɗauke turmi.

Ta ce, "Ni ban haifi ɗan da zan riƙa tura bango kafin in gan shi ba. Kafaɗata ciwo take."

Na sassauta hannun ƙarfen iyakar yadda zai sassautu, har ya zama yana dawowa kamar mai jin barci. Duk da haka wata rana ya kama mata sanda. Ta daina zuwa sashen ƙanina sai dole. Matan unguwa da ke shigowa ta zaure su wuce ta shigifa su gaishe ta, su ma suka ja baya, don ba wadda ke son a ce ta buɗe ƙofar da aka rufe. Ni kuwa ban fasa abin da nake yi ba. Duk juma'a in duba hinji, in ɗaure abin da ya saki, in shafa giris, in bi zaren da yatsa in ga ko yara sun ɓanɓare shi.

Ana haka matar ƙanina ta haihu. Ranar suna tsakar gidansa ta yi kaɗan, sai aka kafa murhu a tawa, manyan tukwane, itace yana ci bal-bal. Ina zaure cikin maza ana raba goro, na tashi na zagaya ta lungu don in ɗauko ƙarin tabarmi. Ina shiga na ga shigifa a wangale. An kwance hannun ƙarfen an jefar a gindin bango, an ɗaure ƙyauren da igiya. Mata suna kai da kawowa, wata ma ta ɗebi garwashi a murfin kwano za ta kai wancan sashen. Jarkokin suna nan inda suke, an dai rufa musu tabarma don kada baƙi su gani.

Na san namiji ba ya shiga tsakiyar mata ranar suna. Na shiga. Na ce wa mai garwashin ta koma da shi. Na ɗauko sukundireba da kujera, na hau, na mayar da hannun, na yanke igiyar. Tun ina ɗaure ƙusa ta farko guɗa ta tsaya, masu daka suka ajiye taɓare. Ƙyauren ya dawo ya rufe, rabin biki a nan, rabi a can.

Gwaggo ce kaɗai ta yi magana. Ta ce, "Yau ma?"

Bayan an watse, Baffa, ƙanin mahaifinmu kuma babban da ya rage mana, ya aiko a kira mu. Muka zauna a gabansa, ni a wannan gefen tabarma, ƙanina a wancan.

Baffa ya ce, "Kai ne babba, kai za ka fara. Wa ya taɓa sa ƙyaure a shigifar nan tun kakanku?"

Na ce, "Baffa, wa ya taɓa ajiye fetur a cikinta tun kakanmu? Ban sa sakata ba, ban sa kwaɗo ba. Duk wanda ya tura zai wuce."

Ƙanina ya ce, "A gaban surukaina ya yi mini wannan. Sun tafi suna cewa gidanmu ba lafiya."

Na ce, "Ya fitar da man yau, gobe in cire ƙyauren da hannuna in yi benci da shi."

Ya ce, "Abincin 'ya'yana ne. Kai katakon da ka tara a gida ba ya cin wuta?"

Baffa ya ɗaga hannu. Ya ce gobara ta Allah ce, in ta zo ba katakon da zai tare ta, amma zumunci kowa sai an tambaye shi. Ya ce ba zai ce in cire ƙyauren duka ba tun da na wahala a kansa, in cire hannun ƙarfen kawai, a bar shi a buɗe da rana, a rufe in za a kwanta. Na ce da rana Inna ke hura wuta. Ya sake faɗa, na sake ba shi amsar. A rayuwata ban taɓa mayar wa Baffa magana ba sai ran nan. Ya naɗe carbinsa ya ce to shi ya gama nasa, saura na mai ɗakin, wato Inna.

Ban ɗauka za ta yi abin da ta yi ba. Da hantsi ina fere katako na ga 'ya'yan ƙanina suna fitar da kayanta, akwati, katifa, buta, kwanukan jere. An share mata ɗakin da ke manne da ma'ajiyar man. Ita ce ta fito a ƙarshe, sanda a hannun dama, kasko a hagu, da garwashinsa.

Na ce, "Inna, ke kika ce daga ɗakin nan za a ɗauke ki."

Ta ce, "A da ɗaki ne. Yanzu ko sallamar maƙwabta ba na samu. Can mutane suke."

Na ce, "To ki bari in kashe garwashin tukuna."

Ta ce, "Buɗe mini hanya."

Hannuwanta duka a cike suke, ba ta iya turawa. Ni na tura ƙyauren, ni na tsaya na riƙe shi da bayana don kada ya dawo ya buge ta. Ta wuce a hankali, ta bi ta gefen jarkoki, tana kare kaskon da gefen mayafinta. Da ta shige na matsa, ya rufe.

Ba a daɗe ba ƙanina ya ga shigifa ta zama wurin da ba mai bi, sai ya cika ta da jarkoki har jikin ƙyauren. Ta sashena ba ya turuwa yanzu. Ban daina duba shi ba ta fuskar da nake iya kaiwa, ba tsagewa, ba lanƙwasa, gara ba ta taɓa shi ba. Abin da yake tsarewa dai ni ne da matata da ɗakin da ba kowa a ciki.

Kullum bayan sallar asuba nakan fita ta lungu in zagaya ta bakin titi. In tsaya a zauren da aka yi mini aski ranar sunana, in yi sallama, in jira a ce matan gida sun kimtsa, sannan a ce in shigo. In tsuguna a bakin ɗakinta in ce, "Inna, an tashi lafiya?" Ta ce lafiya lau, ta tambayi matata, ta tambayi aiki, tana fifita garwashi da mafici. Bango ɗaya ne tsakaninta da man, bangon ƙasa, ƙofar kuma labule.